Tokar da Ba Ta Wanku Ba

Yaran yanzu suna cewa "toka-toka" ga yadi, ga siminti, har ga mota. Ni a wurina launin fuskar mutum ne, shi ya sa ba na son kalmar.

Ina amarya a ƙauyenmu na ƙasar Buza lokacin da Nasara ke ɗibar maza aikin dole, su fasa dutse a hanyar Madawa. Gardi, dogarin Nasara, kan zo bisa doki, mai gari ya jera masa maza, ya zaɓi masu ƙarfi, ya bar marasa lafiya. Sai mata suka gano dabara: a tankaɗe tokar kara, a shafa wa namiji a fuska da ƙwauri, ya fito yana tari kamar gobe za a binne shi. Ƙarti majiya ƙarfi sun tsira da haka, mu kuwa mu koma ɗaka mu yi ta dariya.

Gardi ba wawa ba ne. Da ya dawo bayan girbi, sai ya sa aka ajiye tulun ruwa da soso a gindin gawo.

A wannan karon mijina ciwon gaske yake yi. Tun kaka cikinsa ke zuba, fatarsa ta bushe, leɓɓansa suka yi fari. Ban shafa masa komai ba, wallahi. Har na ji sanyi a raina, don na ɗauka ciwon zai cece shi.

Aka yi ta wanke maza, baƙar fata na fitowa tana ƙyalli, ana tura su gefen igiyar da ake ɗaure waɗanda za a tafi da su. Aka zo kansa. Gardi ya dirje masa kumatu, ya ƙara ruwa, ya sake dirzawa har wurin ya yi ja.

Na kutsa cikin maza na ce, "Ranka shi daɗe, ba toka ba ta. Ba shi da lahiya, taɓa shi ka jiya."

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ke ce matatai? Lalle kin iya shafi."

Mutane suka yi dariya, har da waɗanda suka san gaskiya. Mijina bai ce uffan ba, ya miƙa hannu aka ɗaure. Har yau ina jin haushin wannan shirun nasa, kuma ina kuka idan na tuna.

Bai ga damina ba. Waɗanda suka dawo sun ce a gefen hanyar suka rufe shi, suka jera duwatsu saboda kuraye.

Ana cikin zaman makoki wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta matso kusa da ni. Na zaci gaisuwa za ta yi. Sai ta rage murya ta ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Wace irin toka kinka sa mishi wadda ba ta wankuwa? Ɗana za su ɗauka in sun komo."