Idon tsuntsu da idon Baba

Shekarar da farar yana ta rufe idon Baba, mun sha fama da shi. Likita ya ce aikin ba wani abu ba ne, a cire yanar ya koma gani. Baba ya ce shi kam ba mai kai masa wuƙa ido. Ni kuwa shi na gado a taurin kai, sai muka yi ta karo, har na rage zuwa unguwar Bolori gaishe shi sai ranar Juma'a.

Wata Juma'a gab da damina na je da 'yata, wadda ke karatun haɗa sinadarai a jami'a. Muna zaune gindin tsamiya sai muka ji motsin fukafukai a sama. Shamuwa ce ta dawo sheƙarta. Baba ya ɗaga kai yana lalube da ido, abin ya sosa mini rai.

"Amarya," haka yake tsokanar jikar tasa, "ke da kika ƙi ni saboda boko, wa ke nuna wa tsuntsu hanya?"

Ta ce, "Kaka, shamuwa dai ban sani ba. Amma ƙananan tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara zuwa Tafkin Cadi, masana na kyautata zaton a idonsu abin yake."

Ta ce duniyar nan kanta maganaɗisu ce, mai rauni ƙwarai, ko allura ba ta iya ɗagawa. A cikin idon tsuntsun akwai wani sinadari. In haske ya faɗa masa, sai ya raba wasu ƙwayoyi biyu da suka saba zama tare, ƙanana fiye da duk abin da ido ke gani. Kowace na juyi kamar katantanwa, amma ba su rabu da juna gaba ɗaya ba. Wannan ɗan jan na duniya shi ke karkata juyinsu: ko su koma su haɗu, ko sinadarin ya zama wani abu dabam. Tsuntsu na juya kai lissafin ya sauya, da haka yake gane inda ya dosa.

Ni da na zo da shirin faɗa, sai na manta da faɗan. Na dubi ƙasar da muke zaune a kai, wai tana jan wani abu a idon tsuntsu, mu ba mu ji ko ɗis.

Baba ya juya wajen jikarsa.

"Sai da haske?" ya tambaya.

"Sai da haske, Kaka. In bai shiga ba, komai ba ya farawa."

"Subhanallahi," ya ce a hankali. Ya shafa fatar idonsa da yatsa biyu. "Wannan duk a idon ɗan tsuntsu. To ni me aka zuba a nawa, da na zauna na rufe masa ƙofa?"

Ya juyo wajen da yake jin numfashina, ya ɗan kuskure ni.

"Ke mai faɗa. Wace rana likitan naki yake zama?"