Ranar Malam Garba

Wata Talata a watan Sha'aban, shekarar da na shiga aji uku, kakata Iya Dije ta karɓe jakar makarantata a bakin ƙofa. "Yau ijaza ce," in ji ta, wato hutu. Na leƙa lungunmu na unguwar Tandabawi, a nan ƙasa mai tsarki, yara na ta gangarawa makaranta, mai gurasar tamis ya hura tanderunsa, babu inda ake hutu sai gidanmu. Ranar ba ta fita tallar hatsin tattabaru ba. Na yi ta hawa dutse da jarkar ruwa, ita kuma ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, tsofaffin mata suka cika ɗaki suna addu'a, wasu na share hawaye da bakin mayafi.

A nan na fara jin labarin. Iya ta zo aikin hajji tana ƙarama tare da mahaifinta, ya rasu a hanya, wanda ya ɗauki amanarta kuma ya sayar da ita wani gida. Malam Garba, wani Bakano mai wankin kaya, shi ne ya riƙa bin gidaje yana neman 'ya'yan mahajjata irinta, yana tsayawa gaban alƙali yana rantsuwa cewa 'ya'ya ne, ba bayi ba. An doke shi, an tsare shi, yana fitowa ya koma. "Hausata ya jiyo ta taga, ya ƙi tafiya," in ji Iya. Matan ɗakin nan, kusan duk shi ya fito da su. Ranar rasuwarsa suke rayawa kowace shekara.

Washegari malaminmu ya tambayi dalilin fashina, na gaya masa. Ya ce bai taɓa jin sunan ba, ya tsayar da ni jikin bango har aka tashi. Da na kai ƙara gida, Iya ta ce, "Da ni ke da iko, ya waladi, ɗana, da duk gari ya huta."

Yanzu ina jin yadda ƙasashe ke ware ranakun hutu don waɗanda suka tsaya wa 'yancin mutane. Matan nan wasu sun rasu, wasu an mayar da su ƙasarsu, lungun ma an rushe shi. Ina zaune a unguwar Zahir, 'ya'yana sun fi jin Larabci, kabarin Malam Garba kuma babu suna. Watan kawai na riƙe, Iya ta tafi da sanin ranar. Duk Sha'aban nakan yi masa addu'a ni kaɗai.