Iya Lami da Rifa

Duk wanda ya tashi a Ngojin ya san kakata Iya Lami ungozoma ba ta gaida mutum da sunansa, sai da yadda ya zo duniya. Ka gan ka da gemu da babbar riga, za ta tare ka a bakin kasuwa ta ce, "A'a, mai zuwa da ƙafa, ina gajiya?" Dole ka amsa, don gaskiya ta faɗa.

Kun tuna ranar da kansila ya zo raba wa ungozomomi kayan aiki? Ya kama lasifika yana ta zuba, rana tana dukanmu. Iya ta leƙa fuskarsa ta ce da ni, da muryar nan tata da ba ta san raɗa ba, "Ke Hadiza, wannan ba ɗan Hansatu ba ne? Da ya faɗo ƙin kuka ya yi sai da na mintsine shi. Da na sani da na bar shi." A nan jawabi ya ƙare.

Cikin kayan akwai safar hannu. Iya ta riƙa wanke su tana shanyawa a igiya kamar kayan salla. Sista Maryam, malamar asibitin da ke duba aikinsu, ta gani ta riƙe baki.

"Iya, sau ɗaya ake sawa a yar."

"In ji wa?"

"In ji gwamnati."

"Gwamnatin da sai ta ga dama take kawowa? To ta zo ta yar da kanta."

Ta dai daina daga baya, amma duk safar da za ta jefar sai ta ce Allah ya jiƙanta.

Sai kuma horon da aka tara su a sakatariya, aka kawo mace ta roba mai ciki. Sista Maryam ta yi ta nanata cewa in jini ya yi yawa a yi rifa. Da aka zo gwaji ta ce, "Iya Lami, ga mai naƙuda tana zubar da jini, me za ki yi?"

Iya ta miƙe a natse, ta cire mayafinta ta lulluɓe robar har ka. "Na rufa."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Sista ta ce, "Rifa, Iya. A tura ta asibiti."

"To ki ce tura mana, 'yar nan. Ina jin Ngizimanci, ina jin Bolanci da Barbarci da Fillanci, babu mai rifa a ciki."

Amma a hanyar gida ba ta yi dariya ba. A ranar ta gane sabuwar dokar: ungozoma ta daina karɓar haihuwa a gida, nata rakiya ce kawai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ce, "Ni da ke karɓa na koma 'yar rakiya? Gidana dai ba wanda zai hana ni." Ina da tsohon ciki a lokacin, ta riga ta gaya wa kowa a hannunta ɗan zai sauka.

Naƙuda ta kama ni da hantsi. Iya ta wanke hannu, ta shafa cikina, ta sake shafawa, sai na ga ta yi shiru. Ban taɓa ganin Iya ta yi shiru ba, tsoro ya kama ni.

"Iya, lafiya?"

"A gicciye yake. Wannan ba na hannuna ba ne. Ku kira mai keke."

Ita ta riƙe ni har babban asibiti, tana yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Aka shiga da ni tiyata, aka bar ta a kan benci a waje, matar da ba a taɓa rufe wa ƙofar mai haihuwa ba.

Da na farfaɗo na same ta da yaron a cinya, tana duba cibiyarsa. Ta taɓe baki ta ce, "Sun bar ta da ɗan tsawo. Amma yaran nan sun iya." Hawaye ne ke sauka a kan zanin goyon, ba ta ma share ba. Daga ranar ba ta sake karɓar haihuwa ba, rakiya ta yi har ƙarfinta ya ƙare.

Allah ya jiƙan Iya Lami, ya haskaka kabarinta. Yadda ta karɓe mu da hannu biyu, Allah ya karɓe ta da rahamarsa.