Yaya Haladu da Gwiwarsa ta Hagu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Haladu Ari, a gidansa da ke Haɗeja, bayan ɗan gajeren zazzaɓi. Ina wurin aiki a Dutse maiɗakinsa, Yagana, ta kira ni. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Mukhtar, ka taho." Muryarta ta gama sanar da ni sauran.

Yaya, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya tambaya ko ƙafar ce ta yi sanadi. Na gaji da cewa a'a. Amma ban ga laifinsu ba, domin yawancin mutanen garin nan ba su san ka ba sai da wannan ciwo. Ni kuwa na san ka tun kafin ya zo. Na san ka kana saurayi, lamba tara a bayan rigarka, kana tsere wa masu tsaron baya har 'yan kallo su riƙa kiran ka Barewa. A filin ƙwallon nan ne, wata ranar Asabar, ka juya da sauri, ƙafar ta kafe a ƙasa, jiki ya tafi ya bar ta. Ka ce ka ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwa. Aka kai ka wurin maɗori, ya lalluba ya ce ƙashi lafiya lau. Gaskiya ya faɗa. Sai da aka ɗauki hoto a Kano aka gane guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar ne ya yage. Aka yi maka aiki, ka jingine ƙwallo, ka rungumi gonar shinkafar da Baba ya bar mana a fadama.

Da wannan gonar ka riƙe mu, ni da ƙanwarmu Bilkisu, har muka gama makaranta. Noman fadama kuwa ba ya tausayin gwiwa. Mutum ya wuni a tsugune yana dashe, ya zaro ƙafa daga taɓo, ya sake dannawa. Kakan dawo da la'asar gwiwar ta kumbura ta yi suntum, ka miƙe ta bisa matashi, Yagana ta gasa maka da ruwan ɗumi, kai kuwa kana tambayata abin da aka koya mana a aji. Ban taɓa jin ka ce dominmu kake shan wannan wahala ba.

Gwiwar ta sake yagewa wata damina, kana fito da kwale-kwale daga cikin kacalla, wannan doguwar ciyawa da ke toshe hanyoyin ruwa. Aka koma Kano, aka yanke ɓangaren da ya lalace. Ta uku kuwa ita ce ta fi taɓa ka, domin ba gudu kake ba, ba kaya ka ɗauka ba. Ka ɗago ne daga sujada a sallar Azahar, gwiwar ta ƙage, ta ƙi miƙewa, ta ƙi lanƙwasuwa. Sai da mutum biyu suka ɗauko ka daga cikin sahu. Likita ya ce abin da ya rage na guringuntsin kaɗan ne, ciwon kuma ya zama abokin zama. Ya hana ka tsuguno da durƙuso.

A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Ka daina fita. Ka daina zuwa masallaci, don ka ce ba za ka iya zama kan kujera a gaban dattawan da suka haife ka, suna kai goshinsu ƙasa ba. Abinci ma sai an yi da gaske. Na zo na same ka a zaure ka juya wa ƙofa baya. Na kawo maka duk maganar malamai da na sani game da rangwamen da aka yi wa mara lafiya, ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "Na san hukuncin, Mukhtar. Kewar ƙasar nake yi."

Yagana ce ta ba ka amsa. Ta fito da tabarma ta shimfiɗa kusa da kai, ta ce, "Malam, Wanda ka yi wa sujada shekara da shekaru Shi ne Ya karɓi gwiwar. Yanzu kuma sai ka hana Shi sauran jikin?" Da aka kira Magariba sai ka ce in miƙo maka sanda, in kuma ɗauko kujerar roba ta tsakar gida.

Ba zan rubuta wannan ba tare da na ambaci Ezekiel ba, likitan gashin ƙashi, mutumin Filato da aiki ya kawo shi Haɗeja har ya zama ɗan gari. Shi ya nuna maka cewa idan naman cinya ya yi ƙarfi, zai rage wa gwiwa nauyi. Ya koya maka ɗaga ƙafa kana kwance, ya ja maka kunne kan yawan haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi da kake saye a kemis, ya ce za su ci maka ciki da ƙoda. Sannan ya ba ka shawarar tafiya a cikin ruwa iya ƙugu. Ka yi dariya ka ce, "Likita, ai ruwa ne abin da Allah bai rage mu da shi ba." Kullum da safe sai ka gangara bakin kogi inda yashi yake, ka yi ta kai da komo. Da farko masunta suna yi maka tsiya, suna tambaya ko wani sabon salon su ne. Kafin shekara ta zagayo, ga wani tsohon direba, ga wani tela, ga Malam Abdulmannan mai ƙosai da sanyin ƙashi ya hana shi sakat, duk suna biye da kai.

Ba ka taɓa yi musu ƙaryar cewa za su warke ba. Kakan ce, "Akwai ranar da take bari na je kasuwa, akwai ranar da take cewa zauna. Idan ta ce zauna, ba na gardama, amma ba na ba ta gobe." Kuma na ga ranakun zaman. Na ga lokutan da za a zuƙe maka ruwa daga gwiwar da allura, ka cije leɓe, gumi na tsattsafo maka. Na ga ranar ɗaurin auren 'yarka Maijidda, da ka kasa tsayuwa karɓar baƙi, ka zauna kana ba kowa haƙuri kamar ka yi laifi.

Shekarar da ruwa ya yi ambaliya ya ci ƙauyukan wajen Kirikasamma, matasa suka fita aikin jinga don kare gari. Ba ka iya ɗaukar buhun ƙasa, sai ka zauna bisa turmi kana ɗaure bakin buhunan, wasu na cikawa, wasu na ɗauka. Da aka ce akwai mata da tsofaffi da ruwa ya rutsa da su a wani tudu, ka ce a ɗora ka cikin kwale-kwale. Tuƙi a tsaye ya fi ƙarfinka, amma ka koyi tuƙi a zaune, ƙafar a miƙe. Haka ka yi ta jigila har rana ta faɗi. Bayan nan ka yi mako ba ka taka ƙasa ba. Da na yi maka faɗa, ka ce, "To, hannuwan me suka yi da za su huta?" Wata tsohuwa daga cikin waɗanda ka kwaso ta zo gaisuwa shekaranjiya. Ba ta san sunanka ba. Ta yi ta tambaya a unguwa ina ne gidan mai jirgin nan da ba ya tashi tsaye.

Ni da Ezekiel muka zauna a ƙofar gida bayan an dawo daga maƙabarta. Ya share ido ya ce ya yi jinyar mutane da yawa, amma kai kaɗai ne kake tambayarsa yadda nasa ciwon bayan ya kwana.

Ina miƙa ta'aziyya ga Yagana, wadda ta yi ɗawainiyar da Allah kaɗai Ya san iyakarta, da 'ya'yanka Maijidda da Hussaini da Zara, da ƙanwarmu Bilkisu, da abokan tafiyarka ta bakin kogi, da dukkan mutanen unguwarmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Haladu. Ka sa kowane raɗaɗi da ya sha ya zama kaffara a gare shi. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da Baba da Inna cikin rahamarKa. Ka tashe shi ranar tsayuwa da ƙafafu lafiyayyu, ya ƙetare Siraɗi ba ɗingishi, ba sanda. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Ƙaninka,
Mukhtar Ari