Ayamga Mai Kwale-kwale da Jan Layi

Ayamga Atiah shi ke ƙetarar da mu kogin Volta tun ina yarinya. Bai taɓa riƙe fensir ba sai da furfura ta cika masa kai. Abin da ya kai shi ajin manya, surukinsa Nsoh, mijin ƙanwarsa, shi ne ya yi masa dariya a wurin shan burkutu, ranar da ya riƙe katin asibiti a kife.

Mu goma sha ɗaya ne a ajin, muna takurewa a bencin yara bayan an tashi makaranta. Madam Adongma ke koya mana Turanci. Idan ta zana jadawali a allo sai ta ce, "Yatsa ɗaya a kan rana, ɗaya a kan abin da kake nema. Inda suka haɗu, nan amsar take."

Ayamga ne na baya. Yatsunsa sun ƙage da tuƙi, kullum sai sun tsallake layi.

"Baba, Talata na ce, ka faɗa Alhamis."

"'Yata, ɗakunan naki ne ƙanana. Ko kaza ba za ta kwana a ciki ba."

Wata Alhamis cikin Agusta Madam ta zo da takarda daga ofishin gunduma, inda ƙanenta ke aiki. Tsayin ruwan kogi ne na kowace rana, da wani jan layi a can sama. Ta ce a cikin tsofaffin takardu ta tsinto ta, don gwaji kawai. Ta miƙa wa Ayamga.

Ya daɗe yana jan yatsa. "Litinin, shida. Talata, shida da rabi. Laraba..." Yatsansa ya tsaya. "Wannan kalmar ta jikin jan layin fa?"

"Haɗari take nufi, Baba."

"A nawa yake?"

"Tara."

"Laraba takwas ne." Ya ɗago kai. "Ruwan sama ba ya hawa haka. An buɗe madatsar ruwa ta arewa. Jiya na ga kumfa da ɗanyun rassa suna wucewa, na ɗauka idona ne."

Madam ta karɓi takardar ta duba kwanan watan da ke ƙasa. Ta wannan makon ce.

Ba a ƙarasa darasi ba. Ayamga ya bi gonakin fadama ɗaya bayan ɗaya yana cewa a karye masara ko ba ta bushe ba, a hau tudu. Wasu sun ji. Nsoh yana zaune a bukkar gonarsa, ya ce, "To, Ticha! Wata biyar a aji, har ka fara yi wa kogi duba?"

"Suruki, ka taso. Ni na karanta da yatsana."

"Yatsan da ke ɓata hanya? Rediyo bai faɗa ba."

Juma'a kogi ya yi shiru, tsuntsayen bakin ruwa suka watse. Asabar da hantsi ruwa ya shigo fadama ta baya, ta inda ba wanda yake dubawa. Kwana biyu Ayamga yana kwaso mutane daga kan itatuwa, shi da kwale-kwalensa, har tafin hannunsa ya fashe. Ya je bukkar Nsoh sau uku, ko jinkanta bai gani ba.

A rana ta huɗu aka samu Nsoh ba rai, nesa da gari, a maƙale cikin rassan ƙirya. Ayamga ne ya ɗauko shi ya kawo wa ƙanwarsa.