Ruwan da Honarabul Ya Tofar

Jiya na ga wani tsohon bokitin kamfe a bakin rijiyarmu, hoton da ke jikinsa ya koɗe, hula kawai ta rage. Sai na tuna Honarabul, ɗan majalisar jiharmu da ya rasu bara.

Duk lokacin zaɓe sai ya zo ƙauyenmu, kusa da Ɗanzomo, ya tsuguna a bakin rijiya, ya ce a ba shi ruwa a ƙwarya. Ruwan nan ja ne, yana warin laka. Sai ya ce, "Iyayena, daga bana kun daina shan wannan." Ya kurɓa, ya ɗaga hannu, ya nufi mota bai ƙara cewa uffan ba. Mu kuwa muna cewa tausayinmu ne ya hana shi magana.

Shekarar da ya fito takarar gwamna, ni na miƙa masa ƙwaryar. Ya kurɓa, mata suka rangaɗa guɗa. Da na bi shi karɓo ƙwaryata, na same shi a bayan mota ya tofar, yana kurkure baki da ruwan gora.

"Malam, ka ga wani abu ne?" in ji shi.

Na ce, "Ban ga komai ba, ranka ya daɗe."

Har yau ina jin haushin amsar nan tawa. Ya faɗi zaɓen, famfo bai zo ba, shi ma bai dawo ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi ruwa mai kyau. Mu dai wanda ya tofar muke haɗiyewa.