Fankar da Surukina Ya Ɗaura wa Motata

Akwai mutumin da har gobe nake tuɓe wa takalmi in durƙusa in gaishe shi, alhali zuciyata tana tafasa. Ƙanen mahaifin matata ne, wato surukina, kuma shi ne gwanin gyaran fankar ɗaki da rediyo da injin ban-ruwa a bakin kasuwar Tambuwal. Ya taɓa zama a Kudu da ƙuruciya, tun daga nan babu abin da ke da waya a jiki da zai yarda bai sani ba.

Ina da tsohuwar mota da na gada daga mahaifinmu, irin mai nauyin nan da ake ƙerawa da ƙarfe na gaske. Esinta, wato na'urar sanyaya cikinta, yana sanyi in tana gudu, amma da ta rage tafiya sai ya koma hura zafi. Wani makanike a Sakkwato ya ce magani shi ne a ƙara fankar lantarki a gaban lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ta riƙa tura iska ciki ko motar tana tsaye. Ba don jin daɗi na damu da esin ba. Inna, mahaifiyata, hawan jini ya sa ba ta jure zafi, babur kuwa ta bar shi tuntuni. Yayarta, wadda ta goye ta bayan rasuwar uwarsu, tana kwance ba lafiya a Fakku, can ƙasar Kebbe. Inna ta matsa in kai ta su ga juna, ga shi tsakiyar bazara.

Na sayo fankar, ina shirin komawa Sakkwato a ɗaura, sai labari ya kai kunnen surukin nan. Da kansa ya tako har ƙofar gidana.

"Malam, mi nika ji? Ina raye cikin garin ga, a kai aikin waya ga bare? Ashe ba mu zan ɗaya ba?"

Na duƙar da kai na ce, "A'a Baba, gudun wahalshe ka nika yi."

"Kawo makulli," in ji shi.

Wanda ya san garinmu ya san ba a ce wa suruki a'a. Na miƙa.

Ranar da na je karɓa, ya tara abokan hirarsa na rumfa. Ya tayar da mota, ya zagayo gabanta ya tsaya, ya ware hannuwa. Iska ta bugi babbar rigarsa tana kaɗawa, 'yan rumfa suna ta sambarka. Ni kuwa nan take na gano ɓarnar. Mutumin nan ya ɗaura fankar yadda ake ɗaura ta ɗaki, tana feso wa na tsaye iska a fuska. Iskar da ya kamata ta ratsa lagireto ta shiga, ita ce yake korowa waje, kuma yana alfahari.

Na lallaɓa na ce, "Baba, awa dai ciki anka ce ta tura."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Fankar da ba ka jin iskatta, aiki taka yi? Tun ba a haife ka ba nika taɓa wuta."

Aka yi dariya. Na haɗiye, na ja motata. Na aika matata ta faɗa masa da lalama, ta dawo da jan ido, ta ce in rufa mata asiri. Sai na ƙudurta in kai motar Sakkwato a ɓoye a juya wayar, in ya so ya ci gaba da taƙamarsa.

Ban samu zuwa ba. Wata safiya aka bugo waya daga Fakku, aka ce jiki ya yi tsanani, kuma sunan Inna take kira. Na lissafa a raina cewa ko sabuwar fankar ta yi shirme, ta asali da ke jikin inji tana nan, za ta kai mu. Na sa Inna a baya, na rufe gilasai, muka kama hanyar Kebbe.

Da farko lafiya lau, har Inna tana ba ni labarin yadda yayarta ke tauna mata gyaɗa tana ƙarama. Da muka bar hanya mai kyau muka shiga ramuka, tafiya ta ragu, sai na ga allurar zafi tana hawa. Na kashe esi, na sauke gilasai, na rage gudu, ina neman inuwar da zan tsaya. Kafin in kai wata tsamiya da na hango, tururi ya turnuƙe daga gaba, injin ya yi wata ƙara ya mutu.

Na ɗaga bonet. Fankar asali babu ita. Wurin fayau, sai kusoshi. Ashe surukin nan ya kwance ta bai gaya mini ba.

Nan na kira shi a waya. Ko a jikinsa. "Ai ni na ɗebe ta," ya ce. "Mai taka sha ga banza. Sarki biyu ba su zama gari guda. Ka zuba ruwa dai, ka yi bisimilla." Wallahi da a gabana yake ranar, da surukuta ta ƙare.

Na riƙo Inna muka taka zuwa gindin tsamiyar. Babura suna wucewa, kowane ya tsaya ya yi mana sannu, ya ce ya ɗauke ta, ita kuwa ko ƙafa ba ta iya ɗagawa. Ina mata fifita da kwali, tana jan carbi, idonta a kan hanya. Rana ta take, ta karkata. Sai bayan la'asar wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gero ta zo, direban ya sauke abokin tafiyarsa ya ba Inna gaba.

A bakin gari muka haɗu da maza suna dawowa a jere, wasu da fatanya a kafaɗa, ƙafafunsu da jar ƙasa. Inna ta gane kafin ni cewa daga maƙabarta suke.

Ta shiga ɗakin yayarta ta zauna a bakin gadon da aka riga aka naɗe tabarmarsa. Daga ƙofa na ji tana tambayar matan gidan, "Ta yi cigiyata?"

Wata tsohuwa ta ce, "Duk motsin da taj ji ga zaure, sai ta ce ku duba, ita ta."

Inna ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ta ce haka Allah ya rubuta, ta kuma hana ni buɗe baki. Na bi umarninta, amma ni ban yafe ba. Da muka koma Tambuwal, surukin nan yana cikin na farko da suka zo gaisuwa. Ya zauna a tsakiyar tabarma, shi ya ja addu'a, ya daɗe yana yi mana nasiha a kan haƙuri da ƙaddara. Ni na durƙusa a gabansa ina cewa amin, ni na raka shi har bakin titi, na kuma ce masa, "Mun gode, Baba. Allah shi ba da lada."